Injin jirgin ruwa a mashigin Malanville: yadda ake gane matsalar haɗin mai da saita kafireta

Daga Parakou zuwa Malanville tafiyar fiye da kilomita 300 ce a kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano. A ƙarshenta akwai kogin Neja, wanda mutanen yankin ke kira Isa, da gadar da ta haɗa Benin da garin Gaya na Jamhuriyar Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sanya takunkumi, aka rufe gadar. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Tun daga lokacin rufewar, fatake da ɗalibai da masu zuwa biki ko gaisuwar rasuwa daga Parakou da Djougou suka koma tsallakawa ta ruwa, cikin kwalekwale da manyan jiragen katako masu inji a baya.

Wannan ne ya sa maganar injin jirgin ruwa ta shafi mutanen da ba su taɓa zama a bakin kogi ba. Ta shafi fasinja, ta shafi mai kuɗin da ya sayi inji ya bai wa yaro, ta kuma shafi makanikin da ya koyi aiki a kan babur a Kpébié ko a Zongon Parakou, aka kawo masa injin ruwa ya duba. Babur idan ya mutu a hanya sai a sauka a tura. Jirgi mai lodi idan injinsa ya mutu a tsakiyar kogi, ruwa ne ke juya shi yadda ya ga dama.

Mafi yawan abin da ake ɗora wa kafireta laifinsa ba daga ita ya taso ba. Daga man da aka zuba ne, ko daga hanyar da man ke bi kafin ya iso gare ta. Saboda haka sukurun saiti shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa.

Injin da ake magana a kai

Injin da ake rataya wa jirgi a baya ya fara yaɗuwa ne daga Amurka, inda Ole Evinrude ya ƙera nasa a 1909. Kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da nasa na farko a 1960. A kogunan Afirka ta Yamma yau an fi ganin Yamaha, musamman jerin Enduro masu ƙarfin doki 15, 25 da 40, sai Suzuki, Tohatsu da Mercury. Masu son gudu ko masu manyan jirage suna hawa zuwa doki 60, 75 ko 85.

Yawancinsu masu bugu biyu ne, abin da ake kira deux temps a Faransanci. Irin wannan inji ba shi da wurin ajiyar baƙin mai a ƙasansa kamar mota. Man da ke shafe fistan da ring da boris a cikin fetur yake zuwa, ya ratsa kafireta tare da shi. Duk abin da ya rage fetur ɗin da ke shiga silinda ya rage man shafawa ke nan. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin ilimin injin.

Haɗi biyu ne, kada a gauraya su

Idan makanikai suka ce "haɗin mai" suna iya nufin abu biyu. Na farko shi ne haɗin fetur da baƙin mai, wanda ake yi a jarka ko a tanki. Na biyu shi ne haɗin fetur da iska, wanda kafireta ke yi.

Haɗin farko lissafi ne kawai. Yawancin waɗannan injuna suna son kashi 50 na fetur ga kashi 1 na mai. Ma'ana:

Lita 1 ta fetur, mililita 20 na mai.
Lita 5, mililita 100.
Lita 10, mililita 200.
Jarka mai lita 25, rabin lita.
Lita 50, lita 1 cif.

Sabon inji, ko wanda aka sake wa fistan da ring, ana ninka masa man a awa 10 na farko, wato 25 ga 1: jarka mai lita 25 ta sha lita guda. Akwai wasu samfura da aka yi wa ƙa'idar 100 ga 1, don haka a duba littafin injin ko takardar da ke manne a jikinsa.

Man da ya dace shi ne mai alamar TC-W3 a jikin gora. An yi shi ne domin injin bugu biyu da ruwa ke sanyayawa, kuma yana ƙonewa ba ya barin toka. Baƙin man mota ba a yi shi don ya ƙone ba. Yana barin gawayi a kan fistan, ya manne ring, ya toshe fulogi. Wanda aka juye daga wani injin kuwa ya fi muni, domin yana ɗauke da garin ƙarfe.

Wasu na ƙara mai fiye da ƙa'ida wai don su kare inji. Ƙofar da mai ke bi a kafireta girmanta ɗaya ne, ba ya canjawa. Idan baƙin mai ya yi yawa a cikin abin da ke wucewa, fetur ɗin ya ragu ke nan, ga hayaƙi da gawayi. A auna da kofi mai lamba, ba da ido ba. A fara zuba ɗan fetur a jarka, a zuba man, a girgiza, sannan a cika.

Haɗi na biyu shi ne na iska. A lissafin masana, kilo 1 na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Amma inji ya fi ba da ƙarfi, ya kuma fi zama lafiya, idan fetur ya ɗan fi haka yawa, wajen 12.5 zuwa 13 ga 1, domin rarar fetur ɗin na sanyaya kan fistan. Idan fetur ya rinjayi iska, a nan za mu ce haɗin ya yi kauri. Idan iska ta rinjayi fetur, haɗin ya tsinke, kamar kunun da aka cika wa ruwa.

Haɗi mai kauri yana cin kuɗi: shan mai, hayaƙi, fulogi mai saurin mutuwa. Tsinkakken haɗi yana cin inji. Zafi ya hau, man shafawa ya ragu, fistan ya kumbura ya kama jikin silinda, ko ya huje a ka. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, inji kan yi daɗin kuka da saurin tashi daf da lokacin da haɗin ya tsinke har ya kai ga ɓarna.

Yadda kafireta ke aiki

Kafireta bututu ce mai matsattsen wuya. Iskar da fistan ke zuƙowa tana ƙara gudu a wuyan, matsinta ya ragu, sai ta tsotso fetur daga wani ɗan ƙoƙo da ke ƙasa. Sassan da ya kamata a sani su ne:

Ƙoƙon mai da abin da ke yawo a cikinsa, flotteur a Faransanci. Idan mai ya cika, yana tura wata ƴar allura ta rufe hanya. Idan allurar ta cinye ko datti ya tokare ta, mai ya yi ta ambaliya. Idan ta maƙale a rufe, inji ya ji yunwa.

Babbar ƙofar mai, wadda makanikan Benin ke kira gicleur, na Najeriya kuma jet. Ita ke ciyar da inji daga rabin totur zuwa ƙarshe. Ba a saita ta da sukuru. Lambarta a rubuce take a jikinta, kuma sauya ta ake yi gaba ɗaya.

Ƙaramar ƙofar mai, ta silo. Raminta bai kai kaurin allurar ɗinki ba, shi ya sa ita ce ke fara toshewa.

Sukurun haɗi, wanda ke daidaita silo da farkon totur kawai.

Sukurun silo, wanda ke tokare totur. Shi ba ya taɓa haɗi, gudun juyawa kawai yake ɗagawa ko saukewa.

Cok, wanda ake kira starter a Faransanci. Yana rage iska don haɗin ya yi kauri lokacin tayar da inji mai sanyi.

Makanikin babur ya lura da abu biyu. A kan babura da yawa sukurun haɗi na iska ne, kwance shi yana tsinka haɗin. A yawancin injunan ruwa sukurun na mai ne, kwance shi yana ƙara kauri, ɗaure shi yana tsinkawa. Na biyu, yawancin injunan ruwa ba su da matatar iska irin ta babur, akwatin rage ƙara ne kawai a bakin kafireta. Ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye, don haka a riƙa rufe inji da murfinsa, a kuma lulluɓe shi idan an ajiye.

Mataki na farko: man da aka zuba

A Benin mafi yawan masu babura da ƙananan injuna suna sayen kpayo, fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin hanya. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, kuma duk lokacin da mai ya yi tsada, jarabar yi masa algus na ƙaruwa. Ko babu algus, man da ya bi ta jarka uku ko huɗu kafin ya iso tanki yana kwasar ruwa, yashi da tsatsa. Hatta man gidan mai yakan zo da matsala: a Fabrairun 2022 hukumar da ke kula da harkar mai a Najeriya ta tabbatar cewa an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa.

Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko dala. Na farko, a zuba man a farar kwalba a bar shi minti kaɗan. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa, a gan shi kamar ƙwallaye ko layi daban. Na biyu, a ɗiga ɗigo guda a farar takarda kafin a haɗa shi da baƙin mai. Fetur mai kyau yana bushewa da sauri ba tabo. Idan an sa kananzir ko gas, maiƙo zai zauna.

Kananzir ba ya jure matsi kamar fetur. Yana fashewa a silinda ba bisa tsari ba, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan bugun ne ke farfasa gefen fistan. Gaskiya ne Yamaha na ƙera wasu injuna na musamman masu aiki da kananzir, waɗanda lambarsu ke farawa da EK, amma an gina su ne don haka, suna tashi da fetur sannan su koma kananzir. Injin fetur na yau da kullum ba haka yake ba.

Man da ya kwana a tanki makonni ma yana lalacewa. Ɓangarensa mai saurin kamawa yana tashi a zafi, ragowar ta zama ƙaro mai danƙo a ƙofofin kafireta. A tace kowane mai ta mazurari mai raga ko kyalle mai tsabta marar zare. A ajiye jarkoki nesa da wuta da wurin kwana: gobarar da ta tashi a wani rumbun kpayo a Sèmè-Kraké ranar 23 ga Satumban 2023 ta kashe fiye da mutum 30.

Mataki na biyu: daga tanki zuwa kafireta

A murfin tanki akwai ɗan sukurun numfashi. Idan an manta ba a kwance shi ba, inji zai yi aiki minti biyar ko goma, sannan ya fara sanyi ya mutu, domin iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ya fita. An sha kwance kafireta saboda wannan ɗan sukurun.

Ƙwallon roban da ke tsakiyar tiyo, wanda ake matsawa kafin a tayar, shi ne mai ba da labari mafi sauƙi. Idan ya shafe ya manne yayin da inji ke aiki, toshewar tana bayansa: a tanki, a ragar bututun tsotso, ko a numfashi. Idan ana ta matsawa bai yi tauri ba, ko dai iska na shiga ta wani tsagi, ko bawul ɗin cikinsa ya mutu, ko allurar ƙoƙo ba ta rufewa. Idan inji na shirin mutuwa, aka matsa ƙwallon ya farfaɗo, to famfon mai ne ya gaji ko tiyo na shan iska. Famfon ƴar fatar roba ce da numfashin injin ke motsawa. Idan ta huje, mai yana zarcewa cikin injin, fulogin silindar da ke kusa ya yi ta jiƙewa.

Rana tana busar da tiyo ta tsattsage shi, musamman a bakin mahaɗa. Tiyon ruwa na gini ba ya jure fetur, yana narkewa daga ciki ya aika gutsattsari zuwa kafireta. A duba ƙaramin kofin tace mai da ke jikin inji kowace safiya.

Mataki na uku: karanta fulogi

Fulogi, wato buji, shi ne tagar da ake leƙa cikin silinda. Amma sai an karanta shi a daidai lokaci. A ɗora lodin da aka saba, a yi tafiyar minti kaɗan da cikakken totur a wuri marar haɗari kusa da gaɓa, a kashe inji nan take ba tare da an bar shi a silo ba, sannan a cire.

Launin ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara: haɗin ya yi daidai.
Baƙi busasshe mai toka: fetur ya yi yawa, ko cok bai gama buɗewa ba.
Baƙi mai jiƙa da maiƙo: baƙin mai ya yi yawa, ko wuta ba ta da ƙarfi.
Fari tas ko mai ƙuraje: haɗin ya tsinke ko inji na zafi. A tsaya.
Ɗigon azurfa-azurfa a baki: fistan ya fara narkewa.
Wankakke fes kamar sabo alhali ɗan'uwansa na da launi: ruwa na shiga silindar, galibi ta gasket.

A jera fulogin kowace silinda a gefen ɗan'uwansa. Bambanci tsakaninsu ya fi launin guda ɗaya faɗin gaskiya. Wannan ya fi muhimmanci a injuna masu silinda uku irin na doki 60, 75 da 85, inda kowace silinda ke da kafiretarta. Idan ɗaya ta toshe, sauran biyun za su ci gaba da jan jirgin, direba ya ji ƙarfi ya ɗan ragu kawai, alhali silinda guda na gudu babu mai. A sa fulogi mai lambar da kamfani ya rubuta. Mai lambar da ta fi zafi yana iya huda fistan ko da haɗin na daidai.

Alamu a kan ruwa

Inji na tari ko atishawa ta bakin kafireta a silo, ko yana mutuwa da an sa giya: haɗin silo ya tsinke, mai yiwuwa ƙaramar ƙofa ta toshe.

Yana gurnani, yana jijjiga, hayaƙi da yawa, maiƙo a kan ruwa: ya yi kauri.

Yana shaƙewa idan an murɗa totur: a ɗan ja cok kaɗan. Idan ya farfaɗo, yunwar mai yake ji. Idan ya ƙara shaƙewa, mai ya yi masa yawa.

Yana gudu lafiya sai ya sauke da kansa bayan minti ɗaya ko biyu a cikakken totur: ƙoƙo na ƙarewa kafin ya cika. A koma ga tiyo, famfo da numfashin tanki.

Silo na hawa da sauka shi kaɗai, saiti ba ya zama: iska na shiga ta inda bai kamata ba, ta gasket ɗin gindin kafireta ko ta sil ɗin kurankishaf. Babu juyin sukurun da zai gyara wannan.

Abubuwan da ke kama da matsalar kafireta

Zafi na farko. Ruwan kogi ne ke sanyaya inji, wata ƴar farfelar roba a ƙafarsa ke turo shi. A Malanville kogin na cika sau biyu a shekara: jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba, mai ɗauke da laka, da baƙin ruwa da ke isowa daga Gini a tsakiyar hunturu. Laka da yashi suna cinye farfelar, leda da ciyawa suna rufe ragar shan ruwa. Idan ɗan fitsarin ruwan da ke fita a bayan inji ya ragu ko ya tsaya, a kashe. Kada a taɓa tayar da injin a kan tudu babu ruwa, domin farfelar na ƙonewa cikin daƙiƙoƙi.

Na biyu, farfelar tuƙi. Yawancin waɗannan injuna an yi su ne su juya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti a cikakken totur. Idan an sa farfela mai faɗin taki don neman gudu, sannan aka yi lodin buhuna, inji ba zai kai wannan juyin ba. Zai zama kamar babbar mota na hawan tudu da giyar ƙarshe: zafi, bugu, gawayi. Kowane inci ɗaya na takin farfela yana sauya juyi da kimanin 150 zuwa 200. Jirgin lodi yana son ƙaramin taki. Ƙaramin ma'aunin juyi da ake naɗa wa wayar fulogi ya isa a gane wannan.

Na uku, matsin silinda. Idan ring ya cinye, inji ba zai riƙe silo ba ko da sabuwar kafireta. A auna matsin. Bambancin da ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 tsakanin silinda da silinda alamar aiki ne a ciki.

Wanke kafireta

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, sai a zo kan kafireta. A fara kwance sukurun ƙasan ƙoƙo, a tari man a farin kofi, a ga ko akwai ruwa ko datti. Kafin a cire sukurun haɗi, a ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ana ƙirga juyi, a rubuta. Kada a matse, bakinsa siriri ne, yana lanƙwashewa.

A shimfiɗa farin kyalle, a jera sassan. Idan kafireta uku ce, kada a gauraya kayansu. A wanke ƙofofi da maganin wanke kafireta da iska mai ƙarfi, a ɗaga su sama a ga haske zagaye ta ramin. Ƙofofin na tagulla ne mai laushi. Allurar ɗinki ko wayar ƙarfe tana faɗaɗa ramin, kuma ƙarin da ido ba ya gani yana sauya haɗin gaba ɗaya. A duba bakin allurar ƙoƙo ko ya yi zobe. A girgiza flotteur a kunne, idan akwai mai a ciki ya huje. Tsayinsa kuma a auna shi da abin da littafi ya ce.

Saiti

A mayar da sukurun haɗi inda littafi ya ce, galibi tsakanin juyi ɗaya da biyu daga rufe. A sa jirgi a ruwa, domin salansar injin a ƙarƙashin ruwa take fitar da hayaƙi, kuma saitin da aka yi a cikin durom ba giya yakan sauya a kogi. A bar inji ya yi ɗumi. A ɗaure jirgin da kyau ko wani ya riƙe tuƙi, a sa giyar gaba a silo.

A ɗaure sukurun kashi ɗaya bisa takwas na juyi, a jira daƙiƙa 10 zuwa 15, a saurara. A ci gaba har inji ya fara atishawa. A dawo baya ana kwancewa har ya fara gurnani. Wurin da ya dace yana tsakanin biyun, a ɗan karkata zuwa kauri. Sannan a daidaita gudun silo da nasa sukurun, a gwada murɗa totur da sauri. Idan ya shaƙe, a ƙara kwancewa kaɗan.

Yanayi ma yana da hannu. Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi. Tsakanin ranar Afrilu mai digiri 42 da safiyar hunturu mai digiri 18, bambancin ya kai kusan kashi 8 cikin 100. Injin da aka tsinka wa haɗi har iyaka a bazara zai wuce iyakar a Disamba. Wannan dalili ne na barin rara. Bambancin tudu tsakanin Parakou da bakin kogi kuwa bai kai a sauya ƙofar mai saboda shi ba.

Neman gudu da neman tsimi

Direban da ke son ya yi sawu da yawa a rana yakan nemi a huda masa babbar ƙofa. Mai inji da tsadar mai ta dama yakan nemi a sa masa ƙarama. Na farko yana ƙona kuɗi ba tare da ƙarin gudu ba, domin ƙarfi daga iskar da inji ke iya zuƙa yake zuwa, ba daga yawan fetur kaɗai ba. Na biyu yana tsimin lita kaɗan ya biya da fistan, ring, da aikin silinda, ban da kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure. Araha ba ta ado.

Tsimin gaskiya a hannun direba yake. Injin bugu biyu a cikakken totur yana shan kimanin lita 4 zuwa 5 a awa ga kowane doki 10. Sauke totur zuwa kashi uku bisa huɗu yana rage sha sosai, alhali jirgin katako mai nauyi ba ya rasa gudu mai yawa. Gyara lanƙwasar farfela, kankare gansakuka a ƙasan jirgi, da rarraba lodi daidai duk suna rage mai ba tare da an taɓa kafireta ba.

Abin da ya kamata ya kasance a jirgi

Fulogi biyu sababbi da sifanarsu, sukudireba, igiyar tayarwa ta ajiya, fil ɗin farfela, ɗan guntun tiyo, kofin awon mai, filafili ko gora, anga da igiya, abin kwashe ruwa, da rigunan ceto. Igiyar kashe inji ta kasance a wuyan hannun direba. Idan za a ajiye inji fiye da mako biyu, a zubar da man ƙoƙon kafireta.

Fasinja ma yana da abin lura kafin ya biya kuɗi. Injin da sai an ja igiya sau goma, wanda ke mutuwa da an sa giya, ko wanda yaron jirgi ke ta matsa masa ƙwallon roba ana tafiya, yana faɗin halin da yake ciki tun a bakin gaɓa. Haka jirgin da ruwa ya kusa kai bakinsa saboda lodi, domin lafiyar inji ba ta maganin wannan. Wanda ya ga haka ya jira na gaba.